Kwanon Buɗa-Bakin Mama

Jikata ta shigo mini ranar Lahadi da wata takarda mai sheƙi, wai cocinsu zai shiga azumin kwana ashirin da ɗaya. An buga hoton fasto da matarsa, an jera abin da za a roƙa kowace rana, daga aiki har miji. Kafin ta zauna ma ta riga ta sanar wa duniya a waya cewa kada kowa ya yi mata tayin abinci. Na ce, "To, sannu da ibada, uwar tsarkaka." Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika. Tsokanar ce kuwa, amma ni ban yi dariya ba. Ni kalmar azumi ba ta shiga kunnena ta fita salin alin. Duk inda na ji ta, sai na ga wani farin kwano mai murfi, mai zanen fure shuɗi, wanda bakinsa ya ɓantare a gefe guda.

A Kawo na tashi, tun Kawo tana ƙarshen gari, in ka wuce tasha kaɗan sai gonaki da daji har Katabu. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, famfo kuma sai an fita bakin titi. Mu Kirista ne, ɗakin da ke jikin namu na wani direba ne Bakano da matarsa, wadda kowa ke kira Inna mai ƙosai. Da asuba ladan ke tada mu duka, mu da su. In ya gama, sai a buga ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya a bakin cocinmu, shi ne ƙararrawarmu. Daga nan sai luguden daka, da ƙaurin man ƙosan Inna, da rurin jiragen sama daga wajen Mando. Da Sallah Inna ta miƙo mana nama ta kan taga, da Kirsimeti mu miƙa mata shinkafa, kazar ma mijinta ake ba wa ya yanka don kowa ya ci. Yanzu ina zaune a hayin kogi, can kudu, inda yawancinmu muka koma bayan abin da ya faru ya faru. Bara aka bi da ni ta Kawo a mota, na leƙa ina neman gidan. Shaguna ne a wurin, masu gilashi. Ban gaya wa direban ya tsaya ba.

Babanmu magini ne, kullum yana bisa keke zuwa Mando inda ake ta gine-gine. Mutum ne mai tsoron Allah, mai kuma tsoron kunya, ba ya son a ce ɗansa ya leƙa kwanon maƙwabta. Mu uku ne a lokacin, ni ce babba, budurwa mai ji da kanta, ina ajin baftisma, ina kuma cikin mawaƙa, sai ƙannena mata biyu. Mama kuwa ba mai yawan magana ba ce. Ko a zumuntar mata, in ana kiɗan tulu ana rawa, ita tana can baya tana tafi a hankali. Maganarta ɗaya da na haddace ita ce, "Abin da hannun dama ya yi, ba ruwan hagu." Haka aka koya mana a coci, ita kuma ta ɗauke shi da gaske fiye da masu koyarwar.

Shekarar da nake faɗa, damina ta yi gardama a arewa sau biyu a jere. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. A Babbar Kasuwa mutum ya tsaya gaban mai dawa ya tambaya, ya ji, ya juya ba sallama. Mutanen can sama suka dinga gangarowa Kaduna a bayan manyan motoci, wasu a ƙasa, suna zubewa a tashar Kawo da 'yan ƙullinsu. Danginmu na ƙauye su ma suna ta aiko wa Baba a taimaka. Sai ya ɗauki wata al'ada: kowace safiya shi da kansa zai buɗe buhu ya auna dawar yini da gwangwani, ya ɗaure bakin buhun. Ni ke kai niƙa, ni ke tankaɗe, ni ke tuƙa tuwon dare. Malmala biyar nake kwashewa, ta Baba, ta Mama, tamu uku. Da safe koko, da rana kowa ya yi haƙuri. Ladana ɗaya a wannan aiki shi ne ƙanzo. In na kwashe tuwo, sai in bar tukunyar ta huce, da safe in kankare in jiƙa in sa ƙuli da barkono. Duk gidan an san ƙanzo nawa ne.

Farkon bazara Mama ta dawo daga famfo ba tulu a kanta, sai jaririya a kafaɗa, wata mata kuma na bin ta tana dafa bango. Sunanta Tsahara. Daga can bayan Katsina ta fito, mijinta ya bi sauran dabbobinsu ya yi kudu, suka rabu a hanya. Hausarta irin ta mutanen yamma ce, "mi" da "wanga", har ƙannena suna ɓoye baki suna dariya. Jaririyar ba ta ma iya kuka sosai, sai wani ɗan sauti kamar na kyanwa. Tsahara ta buɗe ƙirjinta ta nuna wa Mama ba kunya, don yunwa ta riga ta cinye kunyar. Ta ce, "Duba, ya ƙahe. Kwana ukku ba ko ɗigo."

Akwai wata rumfar langa-langa a bayan gida inda muke tara itace. Da Baba ya dawo, Mama ta durƙusa ta roƙa mata wurin. Ya jingina kekensa da bango ya ce:

"Inuwa ta Allah ce, ta zauna. Amma ki ji ni da kyau, gwangwanin nan ba zai ƙaru ba. Kuma ban yarda a rage wa yarana ko loma ɗaya ba."

Mama ta ce, "Ba za a rage musu ba."

"Ki kai maganarta wurin matan zumunta."

"Ubangiji zai ciyar da ita," in ji Mama.

Kada wanda ya ji wannan ya zagi babana. Mutum ne da ke ɗaukar bulo tun safe da koko a ciki, yana da baki biyar a gida da wasu goma a ƙauye. Ya faɗi iyakar ƙarfinsa ne.

Satin nan aka shiga azumin kwana arba'in na kafin Ista. A cocinmu ba dole ba ne, mai so ya yi. Mama ta ce za ta yi. Ba wanda ya yi mamaki. Da magariba in na kwashe tuwo, sai ta miƙo farin kwanonta in sa mata malmalarta, in zuba miyar kuka a kai. Ta rufe, ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta ce za ta je bayan gida ta yi addu'a ta buɗa baki ita da Ubangijinta. Baba yana ƙofar gida wajen rediyo da maza, mu muna kan tabarma muna rige-rigen miya. Bayan ɗan lokaci ta dawo da kwanon fes, ni kuma in wanke. Kullum da safe sai ta wanke fuska, ta shafa man kaɗanya har goshinta na ƙyalli, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali tsaf. An koya mana cewa mai azumi kada ya ɓata fuska don mutane su gani, ya shafa mai, ya wanke ido, ya bar abin tsakaninsa da Uban da ke gani a ɓoye. Ni da ke haddace irin waɗannan a ajin baftisma, in na kalle ta sai kaina ya kumbura. Uwata ce ke cika abin da ake karantawa.

Ista ta zo ta wuce, aka yi waƙa aka yi rawa, kowa ya ajiye azumi. Mama ba ta ajiye ba. Baba ya tambaye ta, ta ce, "Akwai abin da nake roƙo, ban ga ƙarshensa ba tukuna." Wa zai shiga tsakanin mutum da alkawarinsa ga Allah? Ya ƙyale ta. A wannan lokacin cikinta ya riga ya fito, don ashe tana da juna biyu tun kafin zuwan baƙuwar, irin kunyar matan da ce ta hana ta faɗa. Tsahara kuwa ta fara miƙewa. Tana yi wa matan unguwa surfe a ba ta dusa da ɗan tsaki, jaririyarta ta fara kuka mai ƙarfi har tana hana mu barcin rana. Muka ɗauka matan zumunta ne ke aiko mata, su matan zumunta kuma suka ɗauka gidanmu ne ke da hali. Ni abin da ya dame ni a lokacin, Allah ya gafarta mini, ƙanzona ne. Sai in tashi da safe in tarar an kankare tukunya tas. Na tara ƙannena na zazzage su, na ce ɓeraye ne marasa tarbiyya. Ƙaramar ta yi ta kuka tana rantsuwa. Mama tana zaune tana tsince wake, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ki bar su. Ki yafe wa mai ci, wataƙila yunwa ce."

Inna mai ƙosai ce ta gani. Wata safiya na je karɓar wuta, ta riƙo hannuna ta ja ni gefen murhu.

"Ke 'yar nan, azumin uwarki ba ya ƙarewa ne?"

Na ce, "Na alkawari ne, Inna."

"Alkawarin me? Mace da ciki wata bakwai? Mu ko watan Ramadan ne an ɗauke wa mai ciki. Kin taɓa ganin lomar da ta kai baki da idonki?"

"A ɓoye take buɗa baki. Haka ake yi a wurinmu."

Inna ta riƙe haɓa. "Ni dai shekarata talatin ina azumi, na san fuskar mai azumi, na san fuskar mai yunwa. Mai ya rufe fata, bai rufe ido ba. Dubi wuyanta. Ki gaya wa babanki yau ɗin nan, in ni na faɗa zai ce na shiga gidansa."

Wayyo ni da bakina. Na murguɗa shi na ce, "Inna, azuminmu ba irin naku ba ne. Namu ba a shela." Na ɗauki garwashina na yi gaba, ina jin daɗi wai na kare addini. Inna ta bi ni da ido ta ce, "Allah ya sa ni ce ban sani ba." Ban gaya wa Baba ba. A raina, in na faɗa na tona asirin ibadar uwata, na zubar mata da lada. Da yamman nan na lura da hannunta sa'ad da ta miƙo kwano, na ga warwaronta ya zamo har gwiwar hannu. Na gani da idona, na zuba miya na rufe.

Ruwa ya sauka, gari ya yi kore. Wata Talata da hantsi, Baba ya tafi aiki, naƙuda ta kama Mama tana wanki. Inna da unguwarzoma suka shige da ita ɗaki, aka kore mu waje. Kafin azahar muka ji kukan jariri, namiji, na farko a gidanmu. Ƙannena suka hau tsalle. Sai Inna ta fito hannunta jina-jina ta ƙwala wa mijinta kira ya kawo mota. Jini ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Ni na riƙe kanta a cinyata har asibiti, na ji ba ta fi nauyin ƙanwata ba. Aka aika Mando, Baba ya iso da siminti a ƙafa. Wata nas ta ja fatar idon Mama ƙasa ta duba, ta juyo a fusace.

"Ina mijin? Malam, matar nan ba jini a jikinta tun kafin yau. Me kuke ba ta a gida?"

Baba ya ce, "Tana ci. Azumi take yi, amma tana ci da yamma." Ya juyo gare ni. "Ko ba ke ke zuba mata ba?"

Na ce, "Ni ke zubawa."

Ya miƙa hannu a ɗebi nasa jinin, mijin Inna ma ya naɗe hannun riga. Ba a kai ga haka ba. Mama ta buɗe ido sau ɗaya, ta tambaya ko yaron ya yi kuka. Aka ce ya yi. Ta ce, "To, madalla." Kafin la'asar ta cika.

A wurin jana'iza fasto ya yi wa'azi a kan ƙaunar da ta kai mutum ya ba da ransa domin wani, yana nufin Yesu a kan gicciye. Matan zumunta suka yi waƙa suna share hawaye da bakin zane, suna cewa mace ce mai azumi da addu'a. Har lokacin ba wanda ya sani, har ni. Muka dawo gida, wata damuwar ta taso. Jaririn ya ƙi madarar gwangwani, in Inna ta ɗura masa da cokali sai ya amayar. Kwana biyu yana kuka, a na uku kukan ya fara komawa irin wancan ɗan sautin na kyanwa da na taɓa ji. Inna ta fito da shi tsakar gida tana jijjigawa, ta kalli Baba, Baba ya kalli ƙasa.

Da yamman nan na zaga baya ɗebo itace. Tsahara tana zaune a bakin rumfa, idonta ya kumbura don kuka, 'yarta na wasa a cinyarta, ta yi ɓulɓul. Ta jawo wani abu daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ɗiyata, ga kwanon mutanen cocinku. Ran da abin ya hwaru, da daren jiya nai uwarki ta bar shi, ta ce jikinta ba daɗi, da sahe ta ɗauka. Ki maida musu, ki yi mani godiya."

Na kalli furen shuɗin, na kalli ɓantararren bakin. Na ce, "Wane mutanen coci?"

"Masu aiko mani tuwo kullum. Na tambaye ta wa ad da wanga alheri, ta ce daga wurin Ubangiji ya hito, in ci in yi shiru. Ni ko na ce sadakar cocinku ta."

Na ce, "Kwanon Mama ne. Na buɗa-bakinta ne."

Ni ina ganin tukunyar da ake kankarewa da asuba, ina jin muryata ina cewa ɓeraye. Wata huɗu uwata tana ɗauke da ciki a kan koko da ƙanzo, ƙanzon ma ina yi mata gori a kansa. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, ko sau ɗaya. Ta ce tana azumi, tana yi. Ta ce ba za a rage wa yara ba, ba a rage ba. Tsahara ta ɗora hannu a ka ta fasa wata irin ƙara, tana salati tana cewa ta ci ran mutum ba ta sani ba. Mutanen gida suka fito a guje. Ita kuwa ta dire 'yarta a ƙasa, ta ratsa su har tsakar gida, ta tsaya gaban Inna ta miƙa hannu. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta zauna a kan turmi, ta kwance ƙirji, ta sa wa yaron a baki. Ya yi ɗan jim, sai ya kama. Duk gidan aka yi tsit, ana jin haɗiyarsa.

Ta ce, "Sha, ɗana. Wanga nono na uwarka na. Ajiya ta ba ni."

Baba ya juya ya fuskanci bango. Washegari da safe ya buɗe buhu, ya ɗauki gwangwanin awo ya kalle shi, ya wurga shi bayan katanga. Ban san yadda muka kai kaka ba, amma mun kai. Matan zumunta da suka ji labari suka fara zuwa da gaske, kowace da ɗan ƙullinta, Inna kuma ta mai da ƙosan farko na kowace safiya na mai shayarwa. An sa wa yaron suna a coci, amma sunan da ya bi shi Talle, kamar yadda ake kiran wanda bai tarar da uwa ba. Mijin Tsahara ya gano inda take bayan shekara, ya zo tafiya da ita. Ta ce ba inda za ta sai ta yaye 'ya'yanta biyu. Haka ya zauna yana dako a tasha har ta yaye su. Ranar da suka tafi, Talle ya bi motar da kuka. Ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Mutane in sun ji labarin nan sai su ce, kai, wannan mata ta bi sawun Ubangijinta. Gaskiya ne, ta bi. Amma ni 'yarta ce, kuma zan faɗi abin da ke raina: na yi shekaru ina fushi da ita. A coci in ana waƙar gicciye sai in ce a zuci, Mama, mu fa? Ba ki gan mu mu uku ba? Na bar makaranta na yi renon ƙannena, na yi aure ba uwar da za ta yi mini faɗan zaman gida. Sai in tuna Talle, wanda yanzu furfura ta cika masa kai, yana da jikoki, in ga cewa da ba ta ciyar da baƙuwar nan ba, da an haƙa ƙaramin kabari kusa da nata, ko biyu ma. Sai lissafin ya rikice mini, in bar wa Mai shi. Abin da ban iya bar wa kowa ba shi ne nawa. Inna ta ce in faɗa, ban faɗa ba. Da na buɗe baki, da Baba ya raba malmalarsa biyu, na san shi. Har ya koma ga Allah ban gaya masa an gargaɗe ni ba, Inna ma ta rufa mini asiri har kabarinta. Ibada na ɗauka nake karewa, ashe yunwar uwata nake gadi.

Jikata ta fara azuminta ranar Litinin. Da magariba na ga ta zuba abinci ta nufi ɗaki, wai za ta yi addu'a tukuna. Na ce ta dawo. Ta ce, "Kaka, ai tsakanina da Allah ne." Na ce na sani, Allah ba zai ji haushi ba don tsohuwa ta zauna a gefe. Na jawo mata kujera gabana, ta yi addu'arta, ta buɗe kwano tana gunaguni. Ban ɗauke idona ba sai da na ga ta haɗiye lomar ƙarshe.